Ƙirji a Garwa, Kunne a Yawunde

A watan Janairun 2022 garin Garwa na arewacin Kamaru ya cika ya batse. Gasar cin kofin nahiyar Afirka ce ta kawo baƙi, kuma a filin wasa na Roumdé Adjia ne 'yan ƙwallon Najeriya suka buga duk wasanninsu: suka ci Masar da Sudan da Gini Bisau, sannan Tunisiya ta sallame su ranar 23 ga wata. Abin da 'yan kallo ba su gani ba shi ne awon da ake yi wa 'yan wasa kafin su taka ciyawa. A wannan gasar ce likitoci suka hana Pierre-Emerick Aubameyang na Gabon buga wasa, domin awo ya nuna wata alama a zuciyarsa bayan ya yi fama da korona. Ya koma Landan aka sake dubawa, aka ce lafiya lau.

Wannan tsantseni ba daga sama ya faɗo ba, kuma mutanen Kamaru sun fi kowa sanin mafarinsa. Ranar 26 ga Yuni 2003, a birnin Lyon na Faransa, ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili ana wasa da Kolombiya, babu wanda ya taɓa shi. Shekarunsa 28. Binciken gawa ya nuna tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da kima, ciwon da ake gada, wanda wani lokaci yakan bar sautin da likita zai iya ji. Daga gasar cin kofin duniya ta 2006 hukumar FIFA ta shigo da tsarin awon zuciya kafin manyan gasanninta.

To, wannan na 'yan ƙwallo ne, masu likitoci a gindinsu. Yaron da ke tallar ruwan sanyi a ƙofar filin fa, wanda gudu kaɗan ke sa shi haki? Mai jego a Pitowa da ƙafafunta suka kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine? Zuciyoyinsu suna ba da labarin abin da ke damunsu, da sautin da ake iya ji, ake iya naɗa, ake kuma iya aikawa ta wayar salula. Shekaru sama da ɗari ke nan da aka ƙera na'urar farko mai naɗar sautin zuciya, kuma sai a 'yan shekarun nan ta ƙanƙance har ta shiga aljihu. Abin tambaya a arewacin Kamaru shi ne aljihun wa za ta shiga, kuma idan ta ji abu, wa zai amsa.

Abin da zuciya ke faɗa

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta da ƙofofi huɗu, kuma tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare. Sautin nan biyu da mutum ke ji idan ya kara kunne a ƙirjin wani, rufewar ƙofofin ne. Na farko yana zuwa lokacin da manyan ɗakunan ƙasa suka matse, ƙofofi biyu da ke tsakaninsu da ɗakunan sama suka rufe. Na biyu kuwa rufewar ƙofofin manyan jijiyoyi ne, ta huhu da ta sauran jiki, bayan jini ya wuce. Tsakanin waɗannan biyu, a lafiyayyar zuciya, yawanci shiru ne.

Idan ƙofa ta ƙuntata ko ta daina rufuwa sosai, jini yakan bi ta cikinta da hargitsi, sai a ji wani huci a inda ya kamata a ji shiru. Inda hucin ya fi ƙarfi a ƙirji, da lokacin da yake zuwa, kafin sauti na biyu ko bayansa, da inda yake bazuwa, hammata ko wuya, su ke gaya wa likita ƙofar da ta lalace. Akwai kuma sauti na uku, mai zurfi, da ke biyo bayan na biyu da ɗan ƙanƙanin lokaci. A yaro ba abin damuwa ba ne. A babban mutum mai haki da kumburi kuwa, sau da yawa alama ce ta zuciyar da ta gaji, jini ya yi mata yawa. Bakanikan babur a Garwa sun san irin wannan ilimin: mai acaba yana tsayawa, kafin ya buɗe baki maigidan gareji ya riga ya ji abin da ke damun injin. Bambancin shi ne injin babur yana ihu, zuciya kuwa raɗa take yi.

Raɗar ce matsalar. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma ya fi kaifi a sama da 1,000, inda kukan jariri yake. Yawancin sautukan zuciya suna can ƙasa, tsakanin 20 da 200, kuma sauti na uku yana dab da iyakar da kunne ke gazawa. Ƙara da ƙarar fanka, da janareta, da layin mata masu goyo a bakin ƙofa. Ko a inda babu wannan hayaniya ma, gwanintar sauraro tana wuya. A 1997 wasu masu bincike a Amurka, Mangione da Nieman, suka kunna wa likitoci masu neman ƙwarewa fiye da 400 sautukan zuciya da aka naɗa. Kusan ɗaya cikin biyar na sautukan kaɗai suka gane daidai. Wannan a manyan asibitocin koyarwa ke nan. Bai kamata kowa ya zargi ma'aikacin jinya a Poli ko Culire ba idan huci ya wuce shi.

Daga nannaɗaɗɗiyar takarda zuwa wayar tarho

Kafin 1816 likita kunnensa yake ɗorawa kai tsaye a ƙirjin majinyaci. A shekarar ce René Laennec, likita a Paris, aka kawo masa wata matashiya mai alamun ciwon zuciya, kunya da ƙibarta suka hana shi kara kunne. Sai ya nannaɗe takardu, ya sa baki ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a kunnensa, ya ji bugun fes fiye da yadda ya taɓa ji. Ya koma ya sassaƙa bututun katako, ya wallafa littafinsa a 1819, tarin fuka ya kashe shi a 1826 yana da shekara 45. Mai karatu a Garwa ko Kano ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan kunya. Har gobe akwai matar da za ta gwammace ta koma gida da ciwonta da namiji ya buɗe mata ƙirji, kuma wannan kaɗai dalili ne na sa abin awo a hannun mata.

Abin sauraro mai kunne biyu, irin wanda likitoci ke ratayawa a wuya, ya yaɗu ne daga ƙirar George Cammann a New York a 1852. Sai dai abin da likita ya ji da shi yakan tsaya a kansa. Ba ya iya nuna wa ɗalibi, ba ya iya ajiyewa ya gwada da na baɗi. Willem Einthoven na Jami'ar Leiden a Holan yana cikin waɗanda suka fara mayar da sautin zuciya zane a takarda, a 1894, sannan ya inganta aikin a 1907 da na'urarsa mai siririn zare, wadda nauyinta ya kai kilo 270 kuma mutum biyar ke sarrafa ta. Da wannan na'urar ce ya auna lantarkin zuciya, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1924. Tunda na'urar ba ta ɗaukuwa, majinyata kuma ba sa iya zuwa, a 1905 ya haɗa asibitin Leiden da ɗakin bincikensa da wayar tarho, tazarar kilomita ɗaya da rabi. Majinyaci yana can, zanen bugunsa yana fitowa nan. A riƙe wannan, domin shi ne ainihin abin da Garwa ke bukata.

A shekarun 1950 da 1960 kowane babban sashen zuciya yana da ɗaki mai shiru inda ake naɗar sautin ƙirji a doguwar takarda. Sai gani ya kori ji. A 1953 Inge Edler da Hellmuth Hertz, a Lund ta ƙasar Suwidin, suka aro na'urar da ake duba tsagewar ƙarfe da ita a masana'antar jiragen ruwa, suka ɗora a ƙirji, suka ga motsin zuciya. Daga nan hoton zuciya na eko ya samo asali, irin hoton da ake yi wa masu ciki. Da ya bunƙasa, aka tura na'urorin naɗar sauti ɗakin ajiya. Abin da ya dawo da su shi ne wayar salula: ƙaramin makirfo a cikin kan abin sauraro, batir, da manhajar da aka koya wa dubban sautuka har ta iya cewa wannan huci ne, wannan ba shi ba ne. Daƙiƙa 15 sun isa a ɗauka.

Zuciyar mai jego

Idan akwai ciwon zuciya da ya san hanyar gidan Bahaushe, wannan ne. Mace lafiyayya ta haihu lafiya, an yi suna, sai bayan mako biyu ko wata biyu ta fara haki. Tari da dare, ƙafa ta kumbura, ciki ya taso kamar ba ta haihu ba. A gida akan ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta a ruwan wanka. Alhali tsokar zuciyarta ce ta saki, ba ta iya tura jini yadda ya kamata.

A Zariya an rubuta labarin wannan ciwo dalla-dalla. Neil Davidson da Eldryd Parry, na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi mata 224 masu wannan larura, suka wallafa sakamakon a 1978. Lissafin lokacin ya nuna kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin tana kamuwa, adadin da ya fi na kusan ko'ina a duniya. Sun ɗora zargi kan al'adar jego: kunun kanwa mai cika jiki da gishiri da ruwa, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Shekaru da yawa wannan bayani ne ake koyarwa. Daga baya Arnaud Cénac a Yamai, a 1992, ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu ciwon, kuma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya fi karkata ga rama da talauci da hawan jinin ciki fiye da wanka da kunu. Ra'ayina shi ne kada wannan ya zama lasisin zuba kanwa: zuciyar da ta riga ta raunana ba ta bukatar ƙarin gishiri, ko ma mene ne ya fara raunana ta. Amma kakannin da aka daɗe ana ɗora wa laifi sun sami ɗan sassauci.

Garwa tana cikin wannan shiyya ta kowace fuska: yanayi ɗaya, abinci kusan ɗaya, auren wuri da haihuwa a jere, kuma gidajen Hausawa a nan jegonsu bai bambanta da na Kano ba. Saboda haka gwajin da aka yi a Najeriya ya shafe mu kai tsaye. Daga 2022 zuwa 2023, masu bincike ƙarƙashin Dakta Demilade Adedinsewo ta asibitin Mayo a Amurka suka ɗauki mata kusan 1,200, masu ciki da waɗanda ba su wuce shekara da haihuwa ba, a asibitoci shida, har da na koyarwa na Aminu Kano da na Rasheed Shekoni a Dutse. Rabi aka yi musu awon da aka saba. Rabi aka ƙara musu da na'urar sauraro ta kamfanin Eko, mai naɗar sauti da lantarkin zuciya lokaci guda, manhaja kuma ta yanke hukunci nan take. A rukunin farko an gano raunin zuciya a kashi 2 cikin ɗari. A na biyu, kashi 4. Mujallar Nature Medicine ta buga sakamakon a 2024.

Ninki biyu ke nan, kuma ma'anarsa a fili take: a awon yau da kullum, rabin matan da zuciyarsu ta raunana suna komawa gida ba a sani ba. Kuma maganin farko ba wani mai tsada ba ne. Ƙwayar fitsari mai rage ruwa, magungunan da ke sauƙaƙa wa zuciya aiki, rage gishiri, da shawara mai nauyi ga miji da mata cewa wani cikin kafin zuciya ta warke yana iya zama ajali. Da yawa suna warkewa idan an kama da wuri.

Amma a lura da inda aka yi gwajin. Manyan asibitoci ne, masu na'urar eko da likitan da ya iya karanta ta. Na'urar aljihu ba ta ce wa kowa ga ciwonki ba. Cewa ta yi, a duba wannan.

Ciwon maƙogwaro da ke cin ƙofar zuciya

Ciwo na biyu yara yake kamawa, kuma a nan ne iyakar kunne ta fi fitowa. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi lokacin hunturu, a ɗakin da mutum takwas ke kwana ko ajin da ɗalibai suka haura ɗari. A ba shi farasitamol, ko a kai shi wurin wanzami a cire beli. Ya warke. Bayan mako biyu ko uku gaɓoɓinsa su kumbura, yau gwiwa gobe idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne. Abin da ya faru shi ne garkuwar jikinsa, garin yaƙar ƙwayar cutar maƙogwaron, ta far wa ƙofofin zuciyarsa. Duk lokacin da ciwon ya dawo, ƙofar tana ƙara tabo, har ta ƙuntata ko ta riƙa yoyo. Sau da yawa ba a sani sai yarinya ta yi cikin fari, zuciya ta kasa ɗaukar nauyin. Mutane fiye da miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kashe fiye da 300,000 a shekara, kuma a ƙasashe masu arziki ya kusa zama tarihi. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa.

A 2007 Eloi Marijon da abokan aikinsa suka duba 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik ta hanya biyu. A Mozambik sauraro ya gano yara kusan 2 cikin dubu, eko ya gano 30. A Kambodiya 2 da 21. Wato tara cikin goma sun kuɓuce wa kunne, domin a farkon ciwon yoyon ƙofar bai kai ya yi hucin da za a ji ba. Na'ura mai ƙara sauti da manhaja za ta iya rage wannan giɓi, ana kuma ta gwaje-gwaje a kai, amma duk wanda ya zo Garwa ya ce makirfonsa zai maye gurbin eko a wannan ciwo, a riƙe aljihu.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren, wanda ya fi damun yankinmu. Ba kowane huci ne ciwo ba. Yara lafiyayyu da yawa suna da huci marar illa. Zazzaɓi yana kawo shi, ciki yana kawo shi, ƙarancin jini yana kawo shi. A kwarin Binuwai bayan damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya tsotse jinin yara, ga kuma masu amosanin jini, na'ura mai saurin ƙararrawa za ta cika motocin Gidar da Ngong da iyaye masu fargaba, kowa ya sayar da akuya ya zo neman hoton da ba ya bukata. Manhajar kuma abin da aka koya mata ta sani. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan sautin zuciyar yara da masu ƙira ke koyar da manhajoji da shi, a arewa maso gabashin Barazil aka tattara shi, daga yara kimanin 1,500. Aiki ne mai kyau, amma ba a ƙirjin yaron Mayo-Rey aka ɗauka ba.

Ko a Ingila ma an ga wannan. A wani babban gwaji da jami'ar Imperial ta Landan ta yi a ƙananan asibitoci fiye da 200, wanda aka bayyana a 2025, an fi gano raunin zuciya a cikin waɗanda aka duba da na'urar, amma kusan biyu cikin uku na waɗanda ta nuna ba a same su da ciwon ba, kuma bayan shekara yawancin asibitocin sun daina amfani da ita ko sun rage sosai. A can ba wuta ce ta hana su ba. Aiki ne ya yi musu yawa, na'urar kuma ba ta shiga tsarin aikinsu ba.

Abin da Arthur Zang ya gane

Kamaru ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Arthur Zang, wanda aka haifa a 1987, yana ɗalibin injiniyan kwamfuta a babbar makarantar fasaha ta Yawunde lokacin da ya haɗu da Farfesa Samuel Kingué, likitan zuciya, wanda ya nuna masa girman matsalar: likitocin zuciya a ƙasar ba su kai 50 ba ga mutane fiye da miliyan 20, kuma kusan duk suna Yawunde da Duwala. Zang ya koyi haɗa kayan lantarki daga darussan kyauta na wata cibiyar fasaha ta Indiya a intanet, ya ƙera allon hannu da ya sa wa suna Cardiopad. Ma'aikacin jinya a ƙauye yana manna wayoyi a ƙirjin majinyaci, allon ya ɗauki zanen lantarkin zuciya, ya aika ta layin salula ga likita a birni, amsa ta dawo. Gwamnati ta ba shi tallafin sefa miliyan 20, ya kafa kamfanin Himore Medical, ya sami kyautar Rolex a 2014 da kyautar injiniyoyin Afirka ta makarantar injiniya ta masarautar Birtaniya a 2016.

Cardiopad lantarki yake aunawa, sauti kuma wani abu ne dabam. Lantarki ya fi nuna rikicewar bugu da toshewar jijiya da kaurin tsoka irin na mai hawan jini. Sauti ya fi nuna ƙofofi. Sababbin na'urori suna haɗa biyun. Amma tunanin Zang shi ne na Einthoven a 1905, an miƙe shi daga kilomita ɗaya da rabi zuwa dubu. Wanda bai taɓa yin tafiyar ba ba zai gane darajarsa ba. Daga Garwa mota ce kusan kilomita 280 zuwa Ngaundare, a hau tsaunin nan mai lanƙwasa, sannan a kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Mai lafiya ma yakan isa a jigace, balle wanda ba ya iya kwanciya don haki. Cibiyar tiyatar zuciya ta Shisong, da aka buɗe a 2009 a Kumbo da taimakon ƙungiyoyin Italiya, ita ce ta fi suna a ƙasar, amma tana yankin Arewa maso Yamma, inda rikicin da ya ɓarke tun 2016 ya dagula aikinta da hanyar zuwa gare ta.

Garwa ta canza a 'yan shekarun nan. Ban da tsohon asibitin yanki, ga babban asibitin da aka gina da haɗin gwiwar Koriya ta Kudu. Ga Jami'ar Garwa da aka kafa a Janairun 2022, da tsangayar likitancinta wadda ta fara a ƙarƙashin Jami'ar Ngaundare. Ma'ana kunnen da ke karɓar sauti ba dole ya kasance a Yawunde ba kuma. Tazarar da ta rage ita ce ta cikin gida: daga Tubooro, daga Rai Buba, daga ƙauyukan Faro da hanyarsu ke yankewa da damina, zuwa Garwa.

Hannun da ya kamata ta shiga

Gwamnatoci suna son gini, domin gini ana yanke masa ƙyalle. Na'urar sauraro mai naɗa, wadda kuɗinta bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, ba ta da wannan kwarjini, kuma a babban asibiti ma ba ta da wani amfani na a zo a gani, tunda eko yana ɗaki na gaba. Wurinta shi ne ƙaramar cibiyar lafiya, a hannun ungozoma da ma'aikacin jinya.

Kuma akwai ƙofar da ta riga ta buɗe. Tun 2015 yankunan arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suke da shirin takardar lafiya ta masu ciki, da tallafin Faransa da Jamus: mace ta biya sefa 6,000, a yi mata awon ciki da hoto da haihuwa, har tiyata idan ta kama, da kulawa zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Shiri ne da ya jawo mata da yawa zuwa asibiti. Sai dai kwana 42 kusan daidai yake da arba'in, ciwon zuciyar jego kuwa yana iya bayyana har wata biyar bayan haihuwa. Takarda ta ƙare, ciwo bai gama zuwa ba. Amma uwar tana dawowa: a mako na 6 da na 10 da na 14 tana kawo jariri rigakafi, kuma tun Janairun 2024, da Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jadawalinta na yau da kullum, a gundumomin da shirin ya kai tana sake zuwa a wata na shida. A duk waɗannan ziyarori jariri ake aunawa, ita kuwa tana zaune a benci. Tambaya biyu, kina haki, kina iya kwanciya, da daƙiƙa 15 na na'ura a ƙirjinta, ba za su tsayar da layi ba.

Sauran sharuɗɗan ba na ƙawa ba ne. Caji na farko: wutar arewa ta dogara da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka gama a 1982, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya ana rabon wuta, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Gidar da Marwa. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana cin batir, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Na'urar da ba ta aiki sai da intanet mai ƙarfi da kuɗin rajista na wata-wata a dala, a durowa za ta ƙare. Sannan dole a san sunan wanda zai saurari abin da aka aiko, da lokacin da zai amsa, da wanda ke biyansa, domin likitan da ke duba majinyata tun safe ba zai riƙa sauraron saƙonni da tsakar dare don Allah kawai ba har abada. Sai ƙaramar na'urar eko ta hannu a asibitocin gunduma, da ma'aikatan da aka koya wa ɗaukar hoto biyu ko uku masu sauƙi, kamar yadda aka yi a Yuganda.

A Yugandar ne, a Gulu, aka amsa tambayar ko gano ciwon da wuri yana da amfani. An bi yara kimanin 800 masu farkon ciwon ƙofar zuciya na tsawon shekara biyu. Rabi ana yi musu allurar penisilin duk mako huɗu, rabi ba a yi. A masu allura, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ciwonsu ya ci gaba. A sauran, takwas cikin ɗari. An wallafa wannan a 2021. Allurar tsohuwa ce, mai arha, mai zafi, kuma ana yawan rasa ta a kasuwannin duniya domin ribarta ba ta da yawa. Yaron da aka gano zai sha ta shekara goma ko fiye, wato sai an sami rajista da sunansa a ciki, da wanda zai bi shi gida idan bai zo ba, da maganin a kan kanta a Bibemi ranar da ya zo. Idan aka bari sai ƙofa ta lalace, sai tiyata, kuma ƙofar ƙarfe tana zuwa da maganin tsinka jini na har abada da gwajin jini a kai a kai, abin da ke da wuya ga manomin auduga a Mayo-Rey, ke da haɗari kuma ga mace mai son haihuwa.

Aikin da ya fi dacewa da sabuwar tsangayar likitancin Garwa shi ne tattara sautukan ƙirjin mutanen yankin, da izininsu, kowane sauti a haɗe da hoton eko da awon jinin mai shi, na yara masu zazzaɓi da masu amosanin jini da masu ciki da masu jego. Da wannan rumbu za a gwada kowace na'ura kafin ma'aikatar lafiya ta sa hannu a takardar saye, kuma da shi ɗaliban za su horar da kunnuwansu, domin za a tura da yawansu inda batir zai mutu, abin sauraro na roba ne kawai zai rage a wuyansu.